Gyaran tsohon kan jirgin wasa ko sayen na gwanjo: ku ba ni shawara

Jikan Mai Tasha (Anguwan Rogo): Salamu alaikum jama'a. Ina da kan jirgin ƙasa na wasa guda ɗaya sikelin OO, wato girmansa 1:76 na jirgin gaske, na marigayi kakanmu ne, ya yi aikin reluwe a Kafanchan shi ya sa yake son abin nan kamar me. Yana tafiya har yanzu amma da gurnani, kuma sai na ƙara wuta sosai kafin ya motsa. Ina so in koma DCC, wato tsarin tuƙi na dijital, don in riƙa tuƙa jirgi biyu a layi ɗaya kowa da gudunsa. To in sa masa dikoda ne, 'yar na'urar nan da ke karɓar umarnin DCC a cikin kan jirgi, ko in nemi na gwanjo wanda ya zo da soket ɗin dikoda? Kuɗin ba yawa gare ni ba wallahi.

Mai Solda (Bukuru): Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka kashe ko sisi buɗe shi ka gani. Ni na yi wa guda uku wannan aikin, biyu sun tafi lafiya, na ukun ya ƙona min dikoda cikin minti ɗaya saboda irin tsoffin nan ne da wutar layi ke bi ta jikin ƙarfen shasi ta shiga moto kai tsaye, kuma DCC ba ta yarda da haka, dole ka raba moton da shasi gaba ɗaya ka gwada da mita ka tabbatar babu inda suka haɗu. Sannan ka auna wutar da moton ke ja idan ka danne shi ya tsaya, yawancin dikodojin wannan girman amfiya 1 ne ko sama kaɗan, tsohon moto kuwa yana iya wuce haka. Gurnanin ma ina zargin man giya ne ya daskare, ƙurar hunturun Jos ta haɗu da shi ya zama kamar ƙaro. Wanke da sifirit, sa mai ɗigo ɗaya, canza kabon na moton, za ka sha mamaki.

Hajiyar Rayfield: Ni ɗana nake saya wa, kuma na gwanjo muka bi. Wani ɗan uwa ya taho mana da shi daga Ingila, a hoto fes, kwalinsa ma sabo. Da ya iso sai ya riƙa ɗingishi, ƙwas ƙwas duk juyin taya, ashe giyar roba da ke kan aksil ta tsage. Abu ƙarami kamar ƙwayar gero amma wata biyu muna jiran madadinta, yaron kullum ya dawo makaranta sai ya tambaya, abin ya taɓa ni sosai. Wanda ya sayar kuma ya daina amsa saƙo. Idan za ka saya ka ce a yi maka bidiyo yana tafiya a hankali, gaba da baya.

Mai Solda: Hajiya Allah ya ba da haƙuri, wannan ma da sauƙi. Wanda ba ya gyaruwa shi ne idan ƙarfen shasin, gaurayen zinki ne, ya fara kumbura yana tsagewa da kansa, sai dai a cire kayan jiki.

Injiniya (Tudun Wada): Ni lissafi na yi. Dikoda marar sauti wajen fam 20 zuwa 30 ce, mai sauti irin LokSound na kamfanin ESU kuwa tana kai fam 100 ko fiye, ka juya shi zuwa naira ka ƙara kuɗin kawowa, sau da yawa ta fi kan jirgin gwanjon tsada. Shi ya sa na sayi wanda ke da soket mai fil 8, na cusa dikoda cikin minti goma ba solda. Abu biyu dai ka kiyaye: jirgin sikelin HO na kamfanin Märklin da wutar AC yake aiki kuma yana ɗaukar wuta ta tsakiyar layi, ba zai tafi a layinka ba ko da faɗin layin duk milimita 16.5 ne. Transfomar Amurka kuma ta volt 120 ce, mu 230 muke.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, ka je wajen gidan tarihi na Jos ka ga kawunan jirgin Bauchi Light Railway da suka yi jigila tsakanin Zariya da Jos har aka rufe layin a 1957, suna nan a tsaye ba motsi, duk sanda na wuce sai raina ya sosu. Na kakanka yana motsi. Ni da na taɓa sa wa nawa dikoda sai da aka yanke wani ɓangaren nauyin ciki don a samu wuri, daga nan tarago huɗu ma sai ya riƙa sulɓi. Ka bar shi a DC ɗinsa, wato tsohon tsarinsa ba dikoda, ka keɓe masa layinsa daban.

Jikan Mai Tasha: Na gode Baba, na gode kowa. Na buɗe shi ɗazu, man ya yi baƙi ƙirin kuma waya ɗaya kawai na gani tana zuwa moto, ina jin irin wanda Yaya Mai Solda ya faɗa ne. Ba zan yanke komai a jikinsa ba. Yaya ran Asabar bayan la'asar kana shago in kawo shi mu sa mita?