Shin doka ta yarda a ɗauki bidiyon ɗan sanda yana bakin aiki?

Direban Zariya:
Assalamu alaikum. Makon jiya a wani shingen bincike na ga an ƙwace wayar wani fasinja saboda ya ɗauki bidiyon jami'an da ke karɓar kuɗi, aka kuma ce ya aikata laifi. Ina roƙon masana su fayyace mana matsayin doka.

Ɗalibar Lauya:
Wa alaikumus salam, Malam. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin karɓar bayanai da yaɗa su, kuma a Disamban 2023 kakakin rundunar 'yan sanda na wancan lokaci, Olumuyiwa Adejobi, ya bayyana cewa ɗaukar hoton jami'i yana aiki ba laifi ba ne. Abin da doka ta hana shi ne kawo wa jami'i cikas, don haka a tsaya nesa kaɗan. Wuraren tsaro irin su barikin soja kuwa hukuncinsu daban ne, domin dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta taƙaita ɗaukar hotonsu.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, bayaninki daidai ne, amma abin da ke rubuce daban, abin da ake gani a hanya da dare daban. Wani bidiyon 'yan sanda da aka ɗauka a garin Ughelli na Jihar Delta ne ya tayar da zanga-zangar EndSARS, ta neman a soke sashen 'yan sanda na SARS, a Oktoban 2020, kuma wanda ya ɗauke shi sai da aka kama shi. Shawarata ita ce mutum ya tura bidiyon ga ɗan'uwansa nan take, ya guji gardama da mai bindiga, sannan ya kai ƙara sashen karɓar koke-koke na rundunar.