Neman shawara: ganin ɗana na raguwa, karatu na neman gagara

Assalamu alaikum 'yan uwa, a sakaya sunana. Ɗana shekararsa 9, yana aji uku na firamare a Kano. Ganinsa kullum raguwa yake, ko an zaunar da shi gaba ba ya ganin rubutun allo. Malaminsu ya ce bai san yadda zai yi da shi ba. Kakarsa kuma ta ce ya zauna gida ya yi hadda kawai. Yaron yana son boko. Ina zan dosa?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Likitan ido ya duba shi kuwa? Ki fara da nan: asibitin ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. In yanar ido ce, aiki ake yi. In hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar, don haka kar ki yi jinkiri. A daina ɗiga masa maganin gargajiya. Ki karɓi rahoton likita a rubuce, makaranta za ta nema.

Malamin ilimi na musamman: Rahoton nan shi zai raba gardama. In da sauran gani, manyan haruffa da gilashin ƙara girman rubutu na iya riƙe shi a makarantarsa. In ganin tafiya yake, ya fara birel, rubutun makafi da ake karantawa da taɓawar yatsu, tun yanzu, yatsun yaro sun fi saurin kamawa. Ɗigo shida ne ake sarrafawa, da allon hudawa da tsinkensa. Ki je makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano, kuma ki leƙa sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero, ko za a samu wanda zai zauna da malamin ajinsu. Shi ma malamin ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ba. Abin ba sabo ba ne a Arewa, tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu.

Wani ɗalibin jami'a: Umma, ni makaho ne, da wayata nake rubuto miki. Manhajar TalkBack ke karanta min allon waya da murya, a kwamfuta kuma manhajar NVDA, kyauta ce. Hukumar JAMB na da tsari na musamman ga makafi tun 2017. Ki nemi reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, a koya masa tafiya da farar sanda. A gaya wa Kaka akwai Alƙur'ani na birel, hadda ba ta hana boko.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. In makarantar Tudun Maliki ta kwana ce, ina tsoro, ya yi ƙanƙanta.

Wata uwa: Yaya, ki je ki ga ɗakin kwanansu da idonki, ki tambaya ko suna karɓar 'yan jeka-ka-dawo. Amma asibiti tukuna.