Neman shawara: in sayar da shanun huɗa in gina manhajata?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Na yi difloma a fannin kwamfuta a Kazaure, daga baya na shiga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, na koyi zanen fuskar manhaja, wato tsara abin da mutum ke gani yana dannawa a waya. Da Figma nake aiki, wata manhajar yin irin wannan zanen. Wani ƙaramin kamfani a Legas yana turo mini aiki jefi-jefi, ina yi a gida da sola, in sabis ya ƙi in hau babur in shiga gari in tura.

Duk Alhamis a kasuwar Maigatari ina ganin dillalai na riƙe lissafin bashi a ka ko a ɗan littafi, in ya ɓace sai rigima. Na zana manhajar rubuta bashi da Hausa. To ni zane na iya, ginawa sai mai rubuta manhaja, kuma kuɗin da ya nema sai an sayar da shanun huɗa biyu da na gada, suna hannun yayana. Baffana kuwa ya ce in nemi koyarwa in yi aure. Abin ya hana ni barci. Me za ku ce?

Mai zane daga Kano: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka sayar tukuna. Ai Figma na ba ka damar haɗa shafukan su riƙa buɗewa kamar manhaja ta gaske, ba ka biya kowa ba. Sa shi a wayarka, ka je kara ranar Alhamis, ka miƙa wa dillali ka ce ya rubuta an karɓi rago bashi. Sai ka yi shiru, kar ka nuna masa komai, ka kalli inda yatsansa ke zuwa. Za ka ga ko rubutun na karantuwa a tsakar rana, ko madannan sun yi wa babban yatsa ƙanƙanta. Ka gwada a ƙaramar Itel ko Tecno, ba a taka kaɗai ba, ka duba ko ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai, don akwai nau'in rubutun da ba ya ɗauke da su. Kuma dole manhajar ta yi aiki ba data. In sai da intanet za ta buɗe, a Maigatari ba za ta kai labari ba.

Ɗan kasuwar Dawanau: Yaro bari in faɗa maka gaskiya. Bashi sirri ne. Ba za ka ba ni abin da ban san wa ke gani ba ka ce in zuba sunayen mutanena. Tambayata ta farko: in wayar ta ɓace fa? Ta biyu: masu haraji za su gani? Sannan da yawanmu da ajami muke rubutu, wasu ma muryarsu kawai suke turawa a WhatsApp. Ka kuma tuna kasuwarku ta kan iyaka ce. Mutumin Nijar in ya ce jaka, sefa 1,000 yake nufi, namu kuma naira 200 suka sani da jaka. In manhajarka ba ta raba naira da sefa ba, kai ne za ka haɗa faɗan. Amma in ka gyara waɗannan, ka kawo mini in gwada.

Maman Khalifa, Ringim: Ɗana, shanun nan gidanku gaba ɗaya ke ci da su, damina na zuwa. Ka zauna da yayanka ka nuna masa aikin da kuɗin da ke shigowa daga Legas. Baffa ba ƙinka yake ba, bai ga abin da idonsa ba ne. Allah ya yi maka jagora.

Wata mai rubuta manhaja, Dutse: Ni ban ga dalilin biyan kowa ba ma. Ka riƙa leƙa cibiyoyin fasaha na Kano irin su Startup Kano ko Blue Sapphire Hub, akwai masu ginawa da ke neman mai zane. Ku haɗa gwiwa, kowa da kasonsa, a rubuce da shaidu tun kafin kuɗi su shigo. Rajistar kamfani a hukumar CAC ta jira sai an fara biyanku. Aikin Legas kuma kar ka sake shi, shi zai riƙe ka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bar shanun. Amma Yaya, in dillalan suka ƙi karɓar wayar fa?

Mai zane daga Kano: Fara da masu POS na bakin kasuwa. Sun saba da dannawa, dillalai sun yarda da su, kuma su ma suna bin mutane bashi. Ka roƙi ɗaya ya haɗa ka da sarkin kara, ka je ka gaishe shi kafin ka fito da waya.