Daga 600D zuwa ina? Masu hoton biki, bodi ake fara canzawa ko lens?

Mai Hoton Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga suka taka wannan mataki. Kayan aikina Canon 600D ne da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55mm, sai ƙaramar filasha mai batir huɗu. Wajen ɗaurin aure da rana lafiya lau. Matsalar tana cikin hol, wajen kamu da dina: hoto ya fito da yashi-yashi, amarya na motsawa ya yi dishi-dishi, fokas kuma ya yi ta kai-komo kafin ya kama. Kuɗin da na tara abu ɗaya mai kyau zai saya. Bodi (jikin kyamara ba tare da lens ba) mai babbar sensa (ɓangaren da ke karɓar hoto) ta hannu, ko lens?

Baffa Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, lens, kuma ga lissafin. Wannan 18-55 ɗin idan ka ja shi zuwa 55mm, iyakar buɗinsa f/5.6 (duk ƙanƙantar lambar f, duk yawan hasken da ke shiga). Shi kuwa 50mm f/1.8 STM, wanda yana cikin mafi arha a kayan Canon, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na wancan. Wurin da kake hawa ISO (ƙarfin jin hasken sensa) 6400 hoto ya cika da yashi, da shi ISO 640 zuwa 800 ya ishe ka a gudun shota ɗaya, wato labulen da ke buɗewa ya rufe yayin ɗaukar hoto. Babu bodin da kuɗinka zai saya ya ba ka wannan tazara. Fokas ma zai gyaru, don kyamara mai madubi tana neman fokas ne da lens a wangale, gwargwadon hasken da ya shigo gwargwadon yadda take gani. Ka kuma tsaya kan ɗigon fokas na tsakiya, a cikin tara ɗin da 600D take da su shi ne mai ƙarfi.

Amma kar ka ruga ka sayi 50mm shi kaɗai. Sensar 600D ƙarama ce, tana ninka tsawon lens da 1.6, wato 50mm zai zame maka kamar 80mm. Ya yi wa fuskar amarya daidai, amma a falon gidan biki bayanka zai taɓa bango ba ka shigar da mutum huɗu ba. Wanda zai maye gurbin 18-55 shi ne 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron: buɗinsa ba ya canzawa duk yadda ka ja shi, kuma a can ƙarshe ninki huɗu yake ba ka. In aljihu ya kai, akwai Sigma 18-35mm f/1.8. Kaifinsa ba a magana, sai dai ya haura gram 800, wuyanka zai san ka yi wuni.

Abu guda da ke cin kuɗin mutane: duba alamar da ke gindin lens. Mai farin murabba'i EF-S ne, na ƙaramar sensa, ba zai ma shiga masu babbar sensa irin 6D ko 5D ba. Mai jan ɗigo kaɗai shi ne EF. Na Sigma masu DC da na Tamron masu Di II za su ɗauru, amma gefen hoto baƙi zai fito. In dai ka san baɗi za ka koma babbar sensa, sayi wanda zai bi ka, kamar 50mm ɗin nan ko 85mm f/1.8.

'Yar Tudun Wada:
Baffa ya faɗi gaskiya, amma akwai saura. f/1.8 na mutum ɗaya ne. Ango ya ɗan ja baya da taku guda, amarya ta fito tar shi ya narke. Mutum biyu f/2.8 zuwa f/4, ƙawayen amarya layi biyu f/5.6. Ka ga an dawo gidan jiya, hasken da lens ya ba ka ka mayar. Shi ya sa ni a hol filasha nake sa wa a gaba.

Yadda nake saitawa a kamu: kyamara a M (saitin hannu), shota 1/125 zuwa 1/160, f/3.5 ko f/4, ISO 800 zuwa 1600 don bayan mutane kar ya zama duhu. Kan filasha yana kallon silin, ɗan baya kaɗan, ba fuskar mutane ba. Filasha kai tsaye ita ke sa hodar ƙarƙashin ido ta yi fari fat, goshi ya yi ƙyalli, duwatsun leshi su ƙone. In masu ado sun lulluɓe silin da yadi mai launi, ko hol ɗin mai rufi ne can sama, kar ka wahalar da batir: launin yadin zai sauko kan fata. A nan sai a ɗora filasha kan sanda da lema, a harba ta da tiriga, na'urar da ake ɗorawa kan kyamara ta kunna filasha daga nesa.

Kayan Godox su suka fi yawa a hannunmu. Duba harafin ƙarshe: C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Filashar V860 tana da batirinta na litiyam, tana sake cika da sauri, kuma lokacin liƙi za ka gane amfanin haka, don mai batir huɗu tana fara jinkiri daidai sanda iyaye suka shigo fili. AD200 ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ita ce ta kan sanda. Tiriga ɗaya, X2T ko XPro, yana tafiyar da su duka.

Abu biyu kuma. In ka wuce 1/200 da filashar da ba ta HSS (yanayin aiki da shota mai sauri), baƙin layi zai yanke ƙasan hoto. A 6D iyakar 1/180 ce. Sannan TTL, wato yanayin da filasha ke auna haske da kanta, farar shadda tana ruɗa ta, ta rage haske fuskoki su yi duhu. Ƙara mata +2/3 ko +1 in maza sun cika hoton da fararen kaya.

Ɗan Damagaram:
Hajiya da Baffa, ban ƙi taku ba, amma akwai dalilin canza bodi da lens ba ya magancewa: gurbin kati. 600D ɗaya gare ta. Kati ya lalace, babu wanda zai sake ɗaura maka aure. Don haka in za a hau babbar sensa, a san me ake saya.

6D ta 2012 ce, megafiksel 20, tana da tsabta a ISO mai yawa, kuma ɗigonta na tsakiya yana gani a duhu ƙwarai. Amma ɗigon fokas 11 ne kacal, na gefe ba abin dogaro ba ne in mutum yana tafiya, kuma kati ɗaya. 6D Mark II an ƙara ɗigo zuwa 45 da allo mai juyawa, kati dai ɗaya. 5D Mark III ita ma ta 2012, megafiksel 22, ɗigo 61, kati biyu, CF da SD. Ita nake ba mai biki shawara. Sai dai gurbin SD ɗinta a hankali yake rubutu. In ka ce ta zuba RAW (ɗanyen fayil mai nauyi) a duka biyun, za ta riƙa tsayawa tana numfashi in ka jera harbi. RAW a CF, JPEG a SD, an rage matsalar. Mutanen Nikon kuwa D750 ta 2014 tana da SD biyu da megafiksel 24.

Kar a manta da lissafin da ke biyo baya: ranar da ka sayi 5D, 18-55 ya tashi aiki, batirinka LP-E8 ya tashi aiki don ita LP-E6 take ci, ga katin CF da abin karanta shi. Kuɗin bodi ba shi ne kuɗin hawa ba.

Injiniya Mai Gyara:
Ni teburin gyara nake, bari in faɗi abin da za a duba kafin a miƙa kuɗi, tunda yawancinmu ta hannu muke saya.

A tafi da kati, da lens ɗin da aka yarda da shi, da kwamfuta in da hali. Fara da adadin harbin shota, shi ne kamar malejin mota. Kamfani ya ƙiyasta wa 6D harbi 100,000, 5D Mark III da D750 kuma 150,000. Wata tana wuce haka da nisa, wata ba ta kaiwa, amma in ta kusa, a cire kuɗin canjin shota daga farashi. A Nikon da Sony adadin yana cikin bayanan hoton da ka ɗauka. A yawancin Canon sai an haɗa ta da kwamfuta ta USB da manhajar da ke karantawa. Adadi kaɗan ba shi ne shaidar hutu ba. Wadda masu fim suka yi aiki da ita shotarta ba ta motsa sosai ba, amma sensa ta sha zafi. Don haka rufe lens da murfinsa, ɗauki hoto na daƙiƙa biyar zuwa goma, ka buɗe shi sosai a kwamfuta. Ɗigo ja ko shuɗi jefi-jefi ba komai, amma layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa, ajiye musu kayansu.

Sai ƙura. Sa f/22, ɗauki farin bango ko sararin sama. Tabo mai zagaye ƙura ce, tana gogewa. Siririn zane da ba ya gusawa, wani ne ya goge sensa da abin da bai dace ba. Leƙa gurbin CF da tocila, fil ɗaya ya lanƙwashe aiki ne babba. Ɗora filasha a kai ka harba. Juya kowane maɓalli. Dubi kan kusoshi: in sun cinye, an taɓa buɗe ta, sai a tambayi dalili.

Lens kuma a cire murfi biyun a haska tocilar waya ta baya. 'Yar ƙura a ciki ba ta hana komai. Abin gudu shi ne fumfuna, za ka ga kamar saƙar gizo-gizo, tana yawa a kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin bakin teku. Hazo a cikin gilashi shi ma a bar shi. Bakin da ake ɗaura filta in ya lotsa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa. Ɗauki bangon bulo a tsaye daidai, ka gwada kusurwa huɗun, in ɗaya ta fi sauran laushi gilashi ya goce. Na ƙarshe, jera batura uku a karkace, sa fokas kan na tsakiya a buɗi mafi girma. In na gaba ko na baya ne ya fito, akwai saɓani tsakanin lens da bodi. 80D, 6D da 5D Mark III suna da wurin daidaita wannan a cikin menu. 600D da 700D ba su da shi, kuma wannan ya shafi mai tambaya in zai sayi Sigma 18-35: ya gwada a kan tasa kyamarar, ba ta mai shago ba.

Kawu Na Jos:
Gargaɗi ga 'yan Nikon masu D3000 zuwa sama da D5000 zuwa sama: babu injin fokas a bodinku. Tsohon 50mm f/1.8D zai ɗauru, amma da hannu za ku riƙa murɗawa. Ku nemi mai AF-S.

Mai Bidiyon Kawo:
Tun da ba a taɓo kyamarori marasa madubi ba, bari in faɗa. Abin da suka fi tsofaffin da shi a biki shi ne bin ido: amarya na tahowa, fokas na manne da idonta ko a gefen hoto take, kuma matsalar saɓanin da Injiniya ya faɗa kusan babu ita, don a kan sensa ake auna fokas. Lens ɗin EF suna aiki lafiya a kan Canon R da adafta. EF-S ma yana shiga, amma kyamara za ta yanke hoton: RP ta koma wajen megafiksel 10, R6 ƙasa da 8. Mai 600D yana da 18, ka ga an hau don a sauka.

Batir ne kukansu. RP ƙaramin LP-E17 take ci, a ƙiyasin kamfani hoto 250, alhali 5D Mark III tana kaiwa wajen 950. RP ita ma kati ɗaya ce, haka R8. Masu kati biyu su ne irin R6 da Sony A7 III, kuma batirin A7 III yana jurewa.

Masu haɗawa da bidiyo: wutarmu mai 50Hz ce, a sa saitin bidiyon kyamara a PAL, firem 25 da shota 1/50, ko firem 50 da 1/100. In aka bar ta a 30 ko 60, fitilun hol za su riƙa rawa a hoton. Shota marar ƙara ma a kashe ta a ƙarƙashin fitilun LED, tana jawo ratsi-ratsi. Kuma 5D, 6D da R6 ta farko duk suna yanke ɗauka kafin minti 30, a kula lokacin jawabin iyaye.

Mai Hoton Fagge:
Allah ya saka da alheri, na gamsu. Zan fara da 50mm da V860 da tiriga, ragowar in ci gaba da tarin 5D. Saura biyu: wane kati zan saya, kuma in lokaci ya yi in sayar da 600D in cika?

Injiniya Mai Gyara:
Kati jabu ya yi yawa, har kwalinsa ba ka bambancewa. Za a rubuta 128GB, kwamfuta ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsa kaɗan ne. Da ya cika sai sabo ya hau kan tsoho, ka zo gida hotuna sun ƙi buɗewa. Akwai ƙaramar manhaja kyauta, H2testw, tana cika katin ta sake karantawa ta faɗa maka gaskiyarsa. A yi wannan kafin ya je biki. Nemi mai alamar V30, kuma 32GB ko 64GB guda uku sun fi babba guda ɗaya. A cikin kyamara ake yi masa fomat, bayan an kwafe aiki wuri biyu.

'Yar Tudun Wada:
Kar ka sayar, Malam. Abin da za a ba ka a kanta bai kai amfaninta ba. Bar mata 50mm ta zama ta fuska, babbar ta ɗauki zum, wato lens mai jawo nesa kusa. Da hunturu wannan kaɗai ya isa dalili, don duk cire lens a filin ɗaurin aure ƙura ce ke shiga. In ya zama dole, kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa, ka yi a cikin mota. Ƙurar da ta shiga a hure ta da bulowa ta roba, ban da iskar baki, ban da gefen riga.

In ka fara aiki da biyu, daidaita agogonsu har daƙiƙa kafin ka fita, in ba haka ba wajen tacewa hotunan yanka kek za su shige gaban shigowar amarya. Sannan canza wa ɗaya farkon sunan fayil wajen kwafewa, don Canon biyu suna iya ba hotuna lamba iri ɗaya, wani ya danne wani a folda.