Litiyam ya sa hannuna rawa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 7 ke nan da likita ya ɗora ni a kan litiyam saboda lalurar sauyin yanayin rai. Gaskiya hankalina ya kwanta, barci ya dawo. Sai dai hannuna rawa yake yi, ko kofi na ɗauka sai ruwan ya zube, sa hannu a takarda kuwa sai na dafe da ɗayan. Ga ƙishirwa, dare ɗaya in tashi fitsari sau 4.

Gwajin yawan litiyam a jini, awa 12 bayan shan maganin, ya nuna 0.8, wai daidai ne, ƙoda ma lafiya. Tsorona a rage maganin, ciwon ya dawo. Wanda ya taɓa fama da haka, rawar tana lafawa da kanta? Me zan roƙi likita ya duba?