Wane ƙarfen rarake ciki ya dace da tulun katako mai ƙaramin baki?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa masu sana'a. Na jima ina sassaƙa akusa da faranti a kan injin juya katako, kuma kurfin da nake aiki da shi yana biya mini buƙata matuƙar bakin abin a buɗe yake. Yanzu ina so in fara yin tuluna masu ƙaramin baki da faffaɗan ciki, waɗanda zurfinsu zai kai santimita 20 zuwa 25, bakin kuma kada ya wuce santimita 4. Da na duba kayan aikin sai na tarar akwai miƙaƙƙen ƙarfe, da mai lanƙwasasshen wuya, da mai haƙorin kabayid (wani ƙarfe mai tsananin tauri), da mai zobe, ga kuma wata na'ura da ke riƙe wa mutum ƙarfen gaba ɗaya. Da wanne ya kamata in fara, kuma shin na'urar nan dole ce?

Tsohon Masassaƙi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kowa da ya zo wannan mataki bakin ƙarfen yake fara tambaya, alhali kaurin sandar shi ya kamata a fara dubawa, domin shi ne zai yanke maka iyakar zurfin da za ka iya kaiwa. Duk abin da ya wuce matokarar inji (inda ake jingina ƙarfen aiki) ya shiga cikin tulu yana lilo ne ba tare da abin tallafi ba, kuma lissafin ba ya sassauci: idan ka ninka tsawon da ya leƙa sau biyu, lanƙwasawar sandar za ta ninka sau takwas. Kauri kuwa shi ke rama maka, saboda sanda mai milimita 19 ta fi mai milimita 13 tauri fiye da sau huɗu, ko da yake a ido bambancinsu kaɗan ne. Sanda mai milimita 13 tana aiki lafiya har zuwa wajen santimita 15, amma daga nan za ta fara karkarwa, ka ji wani irin ƙara mai tsini, kuma idan ka tsayar da inji ka haska tocila za ka ga ta bar ƙananan kunyoyi a jikin bango. Don zurfin da ka ambata, mai milimita 19 nake ba ka shawara, kuma bakin santimita 4 zai wuce da ita ba tare da matsi ba.

Ƙarafa biyu kake buƙata tun farko. Miƙaƙƙe shi zai buɗe tsakiya ya kai ka har gindi, kuma da shi ake kwashe mafi yawan naman itacen. Mai lanƙwasasshen wuya aikinsa shi ne shiga ƙarƙashin kafaɗar tulu, inda miƙaƙƙe ba zai taɓa kaiwa ba. Kafin ka sayi na biyun, ɗora shi a kan tebur ka duba ko tsinin bakinsa ya dawo daidai kan layin sandar. Idan ya dawo, ƙarfen ba zai riƙa murɗe maka hannu ba, da sharaɗin ka ja matokara baya ta yadda miƙaƙƙen ɓangaren ne zai kwanta a kanta. Wanda ya ɗora gwiwar lanƙwasar a kan matokara zai ji ƙota tana neman juyewa daga hannunsa da zarar baki ya taɓa itace.

Kada kuma ka raina ƙota. Masu sana'a da yawa suna bin ƙa'idar cewa abin da ke bayan matokara ya ninka abin da ya leƙa ciki sau biyar, don haka ƙota ce doguwa wadda za ka maƙale a ƙarƙashin damtse.

Mai Wasa Ƙarfe:

Ina tare da Baba a kan sanda, zan ɗan ƙara bayani ne a kan bakin ƙarfen. Mafi sauƙin koyo shi ne ɗan guntun ƙarfen HSS (ƙarfe mai tauri da ake yin bakin kayan yanka da shi) mai faɗin kamar milimita 5, wanda yake kankarar itace maimakon yanka shi. Ƙanƙantarsa ce amfaninsa, domin ba ya cizon fiye da abin da hannu zai iya riƙewa, kuma idan ya dakushe daƙiƙu kaɗan a kan giranda sun isa su dawo da kaifinsa. Haƙorin kabayid mai siffar ɗan ƙoƙo yana daɗewa bai dakushe ba, idan gefe ɗaya ya gaji sai a sassauta noti a juya shi zuwa sabon gefe, kuma yana barin jiki mai santsi idan an karkata shi yadda ya kamata. Sai dai idan aka shigar da shi a kwance, fuskarsa tana kallon sama, yana iya cafkar itace da ƙarfi. Mai zobe da mai ƙugiya yanka suke yi na gaske, kuma sun fi kyau a itacen da jijiyarsa ta bi tsawon inji, amma mai zoben da aka yi wa murfi yakan toshe da ɓarɓashi, ga shi kuma suna son hannun da ya riga ya goge. A ganina ka bar su zuwa gaba. Cikin tulu mai bakin santimita 4 ba wanda zai gani, iyakar abin da ake shafawa shi ne inda yatsa ya kai.

Injiniyan Katako:

Malam Sabon Hannu, ban ga an amsa maka maganar na'ura ba. Ba dole ba ce. David Ellsworth na Amurka, wanda ya shahara da tuluna masu siririn bango tun shekarun 1970, da ƙarafan hannu da ya lanƙwasa da kansa ya yi suna. Duk da haka, da girmamawa ga Baba, ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya riƙa kokawa da santimita 25 da ƙarfin damtse ba idan yana da halin saye. Na'urar iri biyu ce: akwai wadda wutsiyar sandar ke zamewa tsakanin ƙarafa biyu a baya, irin wadda aka san masassaƙi Lyle Jamieson da ita, akwai kuma mai gaɓoɓi kamar hannun mutum. Dukansu suna shanye murɗawar, sai ya zama da yatsu kake tuƙa bakin. Babban abin da ya fi burge ni shi ne hasken leza da ake saitawa a sama: za ka daidaita ɗigon hasken nesa da tsinin baki gwargwadon kaurin da kake so, kana ci kana kallonsa a bayan tulu, da zarar ya zame ya faɗo daga gefe ka san ka kai. Amma auna gadon injinka tukuna, domin irin ta farko tana cin wuri sosai a baya, kuma a tuna sake saita lezar duk lokacin da aka canza kusurwar baki.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan fara da ƙarafa biyun da ɗan guntun HSS. Baba, saura abu ɗaya: a wane tsayi ake riƙe bakin ƙarfen a cikin tulu?

Tsohon Masassaƙi:

A daidai tsakiya ko sama da ita kaɗan, ba ƙasa ba. Idan baki yana sama kaɗan kuma itace ya danna shi, zai sauka ne zuwa inda cikin ya fi faɗi, sai ya saki. Idan yana ƙasa da tsakiya, dannawar za ta ƙara cusa shi cikin bango, a nan ne tulu ke fashewa. Fara huda rami da ƙarfen huda har zuwa zurfin da kake so, sannan ka riƙa faɗaɗawa daga baki zuwa gindi kashi-kashi, kana gama kaurin kowane kashi kafin ka wuce, domin naman da ya rage a ƙasa shi ke hana tulun rawa. Yawaita tsayar da inji kana fitar da ɓarɓashi, saboda idan ya taru yakan naɗe bakin ƙarfe, kuma kada ka zura ko ka zare ƙarfen da gaggawa ta wannan ƙaramin baki. Idan ɗanyen itace ne, kaurin bango ya zama ɗaya tun daga kafaɗa har gindi, in ba haka ba zai tsage wajen bushewa. Lanƙwasasshiyar waya mai ƙarfi ta isa ta auna maka kaurin, kuma kada ka kunna inji sai da kariyar fuska.