Jadawalin 'yan sikawut na shiyya: sansani, tattaki da tara kuɗi, wanne ake fara sa wa rana?

Sakataren_Shiyya

Assalamu alaikum shugabanni. Kwamitinmu na shiyya yana son fitar da jadawalin wata shida masu zuwa. Muna da runduna takwas, yara kimanin 120 daga shekara 8 zuwa 17, da manya masu aikin sa kai wajen 20. Abubuwan da ke gabanmu su ne tattakin yini guda, sansanin kwana biyu na dukan shiyya, aikin taimakon al'umma, da tara kuɗin da za a yi waɗannan duka, don asusun ba wani abin kirki a ciki. Wanne ya kamata a fara tsayarwa? Wace hanyar tara kuɗi ce ke kawo riba ba tare da an wahalar da yara ba? Sannan ruwa nawa, banɗaki nawa, manya nawa ake bukata a sansani mai wannan yawan?

Tsohon_Kwamishina

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Ranar sansani ake fara tsayarwa, domin shi ne mai cin kuɗi da mutane, sauran ayyukan a jera su a bayansa ana lissafi da baya-baya.

Kafin ku zaɓi ranar, ku ɗora kalanda uku a kan tebur: ta makarantun yaran, ta bukukuwa da hutun hukuma, da ta yanayi a yankinku. Duk makon da ya faɗa kusa da jarrabawa ku tsallake shi, iyaye ba za su saki yara ba. Ku ajiye rana ta biyu a gefe tun yanzu, ku sanar da ita tare da ta farko, don idan hadari ya rushe shirin kada a koma neman sabuwar rana.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Saura mako 16, mutum biyu ko uku su je su ga filin da idonsu: ina ruwa yake, mota na iya shiga har ciki, waya na kamawa, minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa, ina ruwan sama ke kwanciya. A karɓi izinin mai filin a rubuce. Saura mako 14, kasafin kuɗi ya kammala kuma kwamiti ya amince da shi. Daga mako 13 zuwa na 6 lokacin tara kuɗi ne. Saura mako 8 takardar amincewar iyaye ta fita, saura mako 4 a rufe rajista. Wannan rufewar ita ce mutane suka fi yi wa wasa, kuma daga nan ɓarna ke shiga: yaro goma sun ƙaru a daren tafiya, ga mota an riga an ɗauka, ga abinci an auna, sai a cusa su a tantin da ya cika. Saura mako 2 a kafa kowane tanti a filin taro, a ƙirga turaku da igiyoyi, a watsa masa ruwa a ga inda yake yoyo.

Tattakin ku sa shi kamar mako 6 kafin sansani. A nan za ku gane yaron da takalminsa ke cin ƙafa, da shugaban rukunin da ba a jin maganarsa, da babban da ya yi alkawari amma bai zo ba. Aikin taimakon al'umma kuwa ya fi kyau ya zo kafin a fara neman kuɗi, saboda wanda ya gan ku kuna share filin makaranta ko dasa itatuwa hannunsa ya fi saurin shiga aljihu.

Akwai ranaku biyu da ba sa cin kuɗi da za ku iya cike jadawalin da su idan sun faɗo cikin watanninku. 22 ga Fabrairu ranar tunawa da Baden-Powell ce, wanda ya kafa harkar, ranar haihuwarsa ke nan a 1857. Sai ƙarshen mako na uku na Oktoba, lokacin JOTA-JOTI, inda 'yan sikawut na duniya ke gaisawa ta rediyo da intanet. Na rediyon tun 1958 ake yin sa. Kwamfuta ɗaya da ɗaki sun isa.

Ma'ajin_Runduna

Ranka ya daɗe Kwamishina ya gama da jadawali, bari in ɗauki ɓangaren kuɗi.

Kada a fara sayar da komai sai an san adadin da ake nema. A rubuta kowane layi: mota zuwa da dawowa, abinci sau nawa a rana sau mutum nawa, ruwa, hayar fili, makamashin girki, kayan agajin gaggawa, inshora, baje (alamar da ake ɗinkawa a riga) da za a raba. A haɗa, a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Abincin manya 20 ɗin nan da kujerunsu a mota su shiga lissafi, ana yawan mantawa da su. Kuɗin mota da na fili ba sa raguwa don yara sun ragu, saboda haka a raba su a kan yara 100 maimakon 120. Idan duka sun zo, rarar ta koma asusu.

Daga nan a yanke kason iyaye da kason da za a tara, misali rabi da rabi, a kuma ware wani abu domin yaran da gidajensu ba za su iya biya ba. Shugaban runduna da ma'aji kaɗai ya kamata su san sunayen waɗannan yaran.

Game da hanyoyin, abin dubawa shi ne ribar da ta rage a hannu bayan an cire jari. Sayen kaya a sari a ba yara su sayar yana da farin jini, amma ku yi lissafi: idan cikin kowane 100 da aka sayar 70 kuɗin kaya ne, sai kun yi cinikin da ya ninka abin da kuke nema fiye da sau uku kafin ku kai. Abin da bai sayu ba kuma ya zama asara, musamman mai lalacewa. In dole sai an yi, a karɓi oda da kuɗi tukuna, sannan a sayo daidai adadin.

Waɗanda jarinsu ƙarfi ne da lokaci sun fi. Wankin mota, misali, bokiti ne da soso da sabulu da izinin mai wuri. A sayar da tikiti mako biyu kafin ranar, a raba yara huɗu-huɗu ga kowace mota, babba ɗaya yana kula da shige da fice, kuma ba yaron da zai taɓa makulli ko ya motsa mota. Sabulun da bai dace ba ko soso mai yashi yana karce fenti, gyaran mota ɗaya kuwa yana iya cinye ribar yinin. Tattakin tallafi ma yana kawo kuɗi: kowane yaro ya karɓi kati mai lamba, 'yan'uwa su yi alkawarin wani abu a kan kowane kilomita. Matsalarsa karɓo kuɗin bayan an gama, don haka a sa wa'adin mako ɗaya. Sai ranar baje koli, inda yara za su nuna ƙulle-ƙullen igiya, kafa tanti a kan lokaci, ɗaukar mai rauni, a gayyaci iyaye da tsofaffin 'yan sikawut, a buɗe gidauniya a wurin. A ganina wannan ta fi sauran, domin mai bayarwa yana ganin inda kuɗinsa za su tafi.

Masu shaguna da kamfanoni sun fi sakin kaya a kan tsabar kuɗi. Wasiƙar da ta ce muna neman jarka 30 ko aron mota ɗaya ranar kaza ta fi samun amsa a kan wadda ta ce a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Duk abin da ya ƙunshi ƙuri'a da kyauta ku bincika dokar ƙasarku da ƙa'idar ƙungiyarku tukuna, wurare da yawa sai da lasisi, wasu iyayen kuma ba za su yarda ba sam.

Riƙon kuɗin: mutum biyu su ƙirga tare su sa hannu, rasit mai lamba ga kowane biya, a kai banki washegari, asusun da sunan ƙungiya yake kuma sai da sa hannu biyu ake cira. Kuɗin ƙungiya kada su kwana a asusun wayar wani, ko da amintacce ne, don ranar da aka tambayi lissafi ba zai iya rabe nasa da naku ba. Yara ba sa bin gida-gida su kaɗai, ba sa tare motoci a titi. Mako biyu bayan sansani a manna bayanin shiga da fita a shafi ɗaya inda iyaye za su gani.

Malamar_Agaji

Sannunku da aiki. Malam Sakatare, ga lissafin ruwa. Ma'aunin da masu aikin agaji ke amfani da shi lita 15 ne ga mutum a rana, na sha da girki da wanke hannu, kuma mafi ƙaranci ke nan. Ku 140 ne, lita 2,100 ke nan kullum, jarka 84 mai lita 25. Sansanin kwana biyu yana cin yini biyu da rabi, ku shirya lita 5,000 da ɗoriya. In ba famfo ko rijiyar burtsatse a filin, tankar ruwa ta shiga kasafin Ma'aji tun yau. Jarkokin sha a yi musu alama daban. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

Banɗaki ɗaya ga mutum 20, wato bakwai, amma da yake na maza daban, na mata daban, na manya daban, ku yi takwas ko tara. Idan haƙawa za a yi, ya yi nisan mita 30 aƙalla daga rijiya ko rafi, ya kasance ta gangare, iska kuma ba ta kwaso warinsa zuwa wurin girki. Ruwa da sabulu a bakin kowanne, fitila a hanya. Yaron da ke tsoron duhu bayan tanti zai zagaya, kwana ɗaya kuma gudawa ta bi sansanin.

Manya: ƙa'idar ƙungiyarku ta ƙasa ita ce gaba, amma abin da aka saba shi ne babba ɗaya ga yara 8 a ƙananan, ɗaya ga 12 a manyan. Shugaban sansani, mai agaji, masu girki da direba ba sa cikin wannan ƙirgen, don haka 20 ɗinku da kyar za su isa. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba ya kwana a tantin yara, inda akwai 'yan mata kuma dole shugabanni mata. Duk babban da zai kwana ya yi horon kare yara kafin ranar.

Takardar iyaye ta tambayi asma, sikila, farfaɗiya, ciwon sukari, abin da jikin yaro ba ya so, maganin da yake sha, da lambar waya biyu. Magunguna suna hannun mai agaji da suna a jiki, sai abin shaƙa na mai asma, shi yana aljihun yaron.

Zafi kada a raina shi. Babban taron 'yan sikawut na duniya na 2023 a Koriya ta Kudu, da duk kuɗin da aka kashe, zafin rana ya kwantar da ɗaruruwan yara, ƙarancin inuwa da ƙazantar banɗaki suka sa tawagar Birtaniya da ta Amurka suka tashi, daga baya guguwa ta sa aka kwashe kowa. Ku kafa rumfar tamfol da za ta ɗauki kowa a zaune, aikin ƙarfi a yi shi da safe ko da yamma, a busa usur a sha ruwa duk bayan rabin awa. Ku riƙe ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, in ya ƙare a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi minti 20, ba mai ba man goge baki. Saran maciji ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau, a hana ta motsi a tafi asibiti. Gawayi ko risho ba sa shiga tanti ko ana ruwa, iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mai barci. Mota ɗaya ta kwana da mai a ciki, fuskarta na kallon hanya.

Jagoran_Tattaki

Na yarda da Malama a komai sai batun masu girki. In aka kawo masu dafa wa mutum 140 a tukunya ɗaya, yara sun zo biki ne kawai. Sansanin sikawut na farko a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907 yara 20 ne aka raba rukuni huɗu, kowanne da shugabansa daga cikinsu, tsarin kuma har yau shi ne ƙashin bayan harkar. 'Yan shekara 11 zuwa sama a bar su rukuni-rukuni na shida zuwa takwas, a auna musu kayan abinci, su hura wutarsu, babba yana tsaye nesa kaɗan. A share ciyawa mita uku kewaye da murhu, bokitin ruwa da na yashi a gefe. Ƙananan ne kawai za a dafa wa.

Tattaki kuma, babba mai ƙarfi yana cin kilomita 5 a awa, da ƙarin awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Da yara ku lissafa 3, ku ƙara hutun minti 10 kowace awa. Kilomita 5 zuwa 6 sun ishi ƙananan, 10 zuwa 12 manyan. Kada a jera 120 a layi ɗaya, na gaba zai yi ta jira, na baya zai yi ta gudu. A sake su runduna-runduna da tazarar minti 10, babba a gaba, babba a baya, mai tafiyar hawainiya kusa da na gaba, kowane yaro da abokin da ba ya rabuwa da shi. A ƙirga kai a wurin tashi, a kowane hutu, da wurin sauka. Jaka kada ta wuce kashi 15 cikin ɗari na nauyin yaro, takalmi kuma wanda aka saba da shi. Wanda ya ɓata ya tsaya inda yake ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake. In tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar fili da gindin doguwar bishiya, a shiga gini ko mota, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Sakataren_Shiyya

Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: idan lokacin rufe rajista ya yi kuɗin ba su cika ba fa?

Ma'ajin_Runduna

Ku sa ranar yanke hukunci a jadawalin, saura mako 6. In a ranar abin da ke banki bai kai kashi 70 cikin ɗari na kasafin ba, ku rage sansanin zuwa kwana ɗaya ko ku koma fili mafi kusa, tunda mota ce ta fi cin kuɗi. Baje, riguna da kyaututtuka su ake fara yankewa. Ruwa, inshora, akwatin agaji da motar ko-ta-kwana ba a taɓa su. Kada wani shugaba ya ci bashi da sunan ƙungiya da fatan gidauniya za ta biya daga baya. Sharaɗin mayar wa iyaye kuɗinsu in an fasa kuma a rubuta shi a takardar amincewar tun kafin ta fita.